Miyar Naman Mako Guda a Firiza: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙu huɗu ne na zaɓa a wannan mako, dukkansu daga cikin garin Gombe, kuma duk sun taru ne a kan tukunya ɗaya, wato jar miyar naman shanu da ake dafawa da yawa a ƙarshen mako a adana a firiza domin abincin dare na ranakun aiki. Na taƙaita kowace wasiƙa, na kuma cire sunayen masu ita.

Wata malamar makaranta daga Tumfure ta rubuto cewa tana fita da ƙarfe bakwai na safe, ba ta dawowa sai wajen la'asar, kafin ta huta yara sun dawo daga Islamiyya, magariba ta kawo kai. Tana son ta riƙa dafa miyar mako guda ranar Asabar ga gida mai mutum shida, amma tana tambaya: wane nama za ta saya, kuma miyar ba za ta salance ba idan ta kwana biyu a ƙanƙara?

Malama, shawarar da kika yanke mai kyau ce, kuma jar miya tana cikin abincin da daskarewa ba ta cika ɓata shi ba, matuƙar an zaɓi naman da ya dace. Mafi yawanmu idan muka je wajen mahauci zallar tsokar cinya muke nunawa, domin ita ce mai kyan gani, sai dai ita ce ta fi saurin bushewa ta yi tauri idan aka dafa, aka daskarar, aka sake ɗumamawa. Ki nemi ƙwauri da wuya da ƙirji, wato wuraren da jijiya ta ratsa tsoka. Idan aka dafa irin wannan nama a kan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon awa ɗaya da rabi zuwa biyu, jijiyar takan narke ta shiga romo, ita ce ke ba miya kauri da danƙo, ita ce kuma ke riƙe wa naman laushinsa bayan ya fito daga firiza. Ki sa a haɗa miki da ɗan ƙashi mai ɓargo saboda romon, amma ki tsame ƙashin kafin ki zuba a mazubi, domin wuri kawai zai cinye miki. Kitse kuwa a rage shi sosai, tozo ma a bar shi don girkin yini, saboda kitse ne ke fara canza wari ko da yana daskare.

Ki tafi kasuwa da sassafe, lokacin da nama ya iso daga kwata, kada ki bari sai ya wuni a kan tebur cikin rana da ƙuda. Naman da za a ci yau yana iya jure hakan fiye da wanda za a ajiye har Juma'a. A lissafina, kilo biyu zuwa biyu da rabi zai ishi gidanki dare biyar idan an yanka shi daidai wa daida, kuma ina ba da muhimmanci ga daidaiton yankan domin ya nuna lokaci ɗaya.

Game da markaɗe, ki dafa shi shi kaɗai har ruwansa ya ƙone, tsamin tumatir ya fita, sannan ki soya har mai ya taso sama. Miyar da aka bari da ruwa tsululu takan rabu biyu bayan ta narke, ruwa a ƙasa, jajjage a sama, kuma wannan ne mutane ke kira salancewa. A lokacin rani, sa'ad da tumatir da tattasai da albasar noman rani ke fitowa daga wajen Dadin Kowa da Kwadon kaya ya yi araha, yana da kyau ki sayi kwando ki dafa markaɗe zalla ki adana dabam, zai taimake ki idan damina ta shigo tumatir ya yi tsada. Ki sassauta hannu wajen tafarnuwa da kanumfari da masoro, domin ƙarfinsu yakan ƙaru a ƙanƙara, gishiri kuma ki bari ki cike shi ranar ci. Kada ki sa dankalin Turawa, yakan dagargaje ya zama kamar soso. Alayyafo da koren tattasai su ma a yanka su sabbi ranar da za a ci.

Abin da na fi so a wannan tsari shi ne miya ɗaya ba dole ta zama abinci ɗaya ba. Litinin a ci da farar shinkafa, Talata a juye kaso ɗaya a dafa-dukar taliya, Laraba a zuba alayyafo da ɗan daddawa a ci da tuwo, Alhamis da doya. Maigida da yara ba za su ce an ɗaure su a kan abu guda ba.

Wasiƙa ta biyu daga Jekadafari take, kuma ita ce ta fi damuna. Wata uwargida ta ce ta gama miya da daddare a babbar tukunya, ta rufe ta bar ta a kicin ta huce, da safe ta rarraba ta sa a firiza. Bayan kwana uku aka ɗumama aka ci, yara biyu suka kwana da murɗar ciki da gudawa. Tana tambaya ko firizarta ce ta lalace, ta sayi wata.

Hajiya, Allah ya ƙara wa yara lafiya. Ba zan iya yanke hukunci daga nesa kan abin da ya same su ba, amma kafin ki kashe kuɗi a kan sabuwar firiza, ki dubi daren da tukunyar ta kwana a waje, domin can na fi zargi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens wadda aka san ta da miyar nama da romo. Tana da wani irin ƙwai mai taurin kai da tafasa ba ta kashe shi, kuma da zarar abinci ya fara hucewa ya shiga tsakanin digiri 60 da digiri 5 a ma'aunin Selsiyos, sai ta farka ta shiga hayayyafa da sauri. Babbar tukunya mai kauri, a rufe, tsakiyarta na iya ɗaukar awoyi da yawa tana cikin wannan ɗumi, ba ta yi zafin kashewa ba, ba ta yi sanyin tsayarwa ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne miyar ba ta yin tsami ko wari, ido da hanci ba za su gaya miki komai ba. Firiza kuwa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai take yi, abin da aka sa mata shi za ta mayar.

Na san iyayenmu sun saba barin miya ta kwana, amma ki tuna yadda suke yi: a tafasa ta da dare, a sake tafasa ta da asuba kafin ɗumame, kuma ba ta wuce kwana ɗaya. Wannan dabam yake da miyar da za ta kwana a waje sannan ta yi mako a ajiye. Ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya. Duk wanda ya san Gombe a watan Maris da Afrilu ya san kicin ɗinmu ya wuce wannan nesa ba kusa ba, don haka awa ɗaya ce ƙa'idarmu a yawancin shekara, in ban da lokacin hunturu.

Yadda za ki yi ba shi da wahala. Da kin sauke, ki buɗe murfi, ki sa gindin tukunyar cikin babban baho mai ruwan sanyi kina juyawa, ruwan ya yi ɗumi ki canza shi, in akwai ƙanƙara ki jefa. Daga nan ki rarraba a mazubai masu faɗi, zurfin miyar kada ya wuce santimita 5, kimanin yatsu uku. Da tururi ya daina tashi ki rufe ki sa a firiza, ki warwatsa su kada ki jera wani kan wani sai sun daskare. Kuma ina roƙon ki da ki mayar da wannan girki na safe, lokacin da kike da ƙarfin tsayawa a kansa har ƙarshe, domin girkin dare gajiya ce ke sa a ce bari sai da safe.

Wani magidanci daga Pantami ya ce yana son ya saya wa iyalinsa firiza saboda wannan tsari, amma wuta a unguwarsu tana zuwa tana ɗaukewa. Ya rasa wadda zai ɗauka tsakanin mai kama da akwati da mai tsayuwa, da kuma tsakanin sabuwa da ta hannu.

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tunani. Ka ɗauki mai kama da akwati, wadda ake buɗewa ta sama. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, saboda haka duk lokacin da aka buɗe ƙofar mai tsayuwa sanyin yakan zubo ƙasa ya fice, ita kuwa ta akwati sanyinta yana kwance a ciki. A wurin da wuta ba ta da tabbas wannan bambanci ya fi kyan gani da yawan aljihuna muhimmanci. Ga gida matsakaici, mai cin lita 150 zuwa 200 ta wadatar, kuma ban ba ka shawarar ka wuce haka ba sai in kana da abin cika ta, domin firizar da take cike tana iya riƙe sanyi kimanin awa 48 bayan an ɗauke wuta idan ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuwa kimanin awa 24. Duk gurbin da ya rage a cika shi da gorunan ruwa su daskare, su ne za su yi maka gadi ranar da babu wuta.

Ka duba takardar da ke manne a bayanta ko gefenta, inda aka rubuta irin yanayin da aka ƙera ta dominsa. Harafin T yana nufin za ta yi aiki har zafin digiri 43, ST kuwa har 38. Wasu daga cikin na hannu da ake shigowa da su daga Turai masu N ne ko SN, iyakarsu digiri 32, shi ya sa za ka ji injinsu yana ta aiki ba hutawa a bazara amma kaya ba su daskare da kyau ba. Saboda wannan dalili na fi karkata ga sabuwa mai takardar garanti. Idan aljihu bai kai ba sai ta hannu, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka ka ga bangon ciki ya fara yin farin raɓa, ka kuma matse takarda a bakin murfi ka ja, in ta zare ba tare da turjiya ba robar ta saki. Ka ware kuɗin sitabilaiza cikin kasafin tun farko, mai jinkirta kunnawa na 'yan mintuna bayan an kawo wuta, domin wutar da ke zuwa da rauni ko ta dawo nan take ita ce ke ƙona inji.

Akwai abin da ya kamata in faɗa maka ko da zai rage maka ɗoki. Kafin ka saya, ka yi mako biyu kana rubuta awoyin da kuke samun wuta. Firiza tana bukatar ta sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, kuma idan unguwarku takan yi kwana biyu ko uku a jere babu wuta, ba ku da janareta ko sola, to ajiyar mako guda ba taku ba ce tukuna. Gara ku tsaya a girkin kwana uku-uku, ko ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin firiza mai aiki da sola. Domin sanin abin da ya faru a bayan idonku, ku daskarar da ruwa a kofi, ku ɗora tsakuwa mai tsabta a kan ƙanƙarar, ku bar shi a ciki. Idan kuka dawo daga tafiya kuka tarar tsakuwar ta nutse ƙasa, kaya sun narke gaba ɗaya sun sake daskarewa, kuma miyar nama da ta yi haka ba abin ba yara ba ce. Idan kuwa aka kawo wuta alhali miyar tana da sauran ƙanƙara a jikinta, babu laifi ta ci gaba da zama.

Ta ƙarshe, wata amarya daga Bolari tana tambaya ko leda ta isa, ko sai ta sayi robobi, da kuma yadda ake narkarwa.

Ƙanwata, ki sayi robobi masu murfi mai kamawa, ki juya gindinsu ki nemi lamba 5 a cikin ɗan alwatika, ko haruffan PP, irin wannan roba ce ke jure zafi da sanyi. Baƙar leda ta kasuwa ba don abinci aka yi ta ba, bokitin fenti ma haka. Akwai farar leda mai kauri mai zif da aka yi musamman don firiza, tana da kyau domin takan kwanta shafal ta daskare da wuri, amma sai miya ta huce ake zuba ta. Kowane mazubi ya zama cin dare ɗaya, ku biyu ne, ƙananan sun ishe ki. Ki bar sarari kamar yatsa biyu a sama domin ruwa yana kumbura idan ya daskare, ki manna takarda ki rubuta kwanan wata, ki riƙa fara cin wanda ya riga shiga. Ɗanɗanon miya yana nan daidai har wata biyu zuwa uku idan sanyin bai yanke ba.

Wajen narkarwa, in kina da firiji ki sauko da kason gobe tun daren yau ya kwana a ciki. In babu, kada ki ajiye shi a kan teburin kicin ki tafi aiki. Idan kin dawo ki tsoma robar a ruwa har miyar ta saki jikinta, ki juye dunƙulen a tukunya da ruwa rabin kofi, ki rufe a kan wuta kaɗan kina juyawa lokaci-lokaci. Ki bari ta tafasa sosai har tsakiyar nama ya yi zafi, kada ki tsaya a ɗumi, kuma abin da ya rage bayan an ci kada ya koma firiza. Idan kika ɗora shinkafa a lokaci guda, kafin shinkafar ta tsotse, miyar ta haɗu.