An yanko muryar mahaifinmu a sabon albam, Wikipedia kuma ta ƙi karɓar sunansa

Tambaya: Barista, mahaifinmu mawaƙin kukuma ne, ya rasu a 2011. Wani matashin mawaƙi ya fitar da albam, a waƙa ta huɗu ya yanko amshin wata waƙar Baba daga kaset ɗinsa na 1993, da muryarsa da kiɗansa, bai nemi izininmu ba, bai kuma ambaci sunansa ba. Na shiga maƙalar albam ɗin a Wikipedia ta Turanci na ƙara sunan Baba cikin marubutan waƙar, sau biyu ana gogewa. Zan iya kai ƙarar su duka, har da Wikipedia?

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba. Malam, mawaƙin da kamfaninsa su ne abokan shari'arka. Wikipedia ba ta cikin maganar, kuma ta can ka fara alhali can ya kamata ka ƙare.

A cikin amshin nan da aka yanko akwai haƙƙi iri biyu, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta raba su. Na farko shi ne waƙar kanta, wato baitoci da kari. Wannan yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, ke nan na Baba sai ƙarshen 2081. Na biyu shi ne sautin da aka naɗa a kaset, wanda kariyarsa shekara 50 ce daga fitowarsa, sai ƙarshen 2043. Da matashin ya sake rera amshin da bakinsa ne, da haƙƙi na farko kaɗai ya taɓa. Tunda ya ɗauko muryar daga kaset, ya taɓa duka biyun.

Wa ke da haƙƙin kaset ɗin? A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Dokar 1988, wadda ke aiki lokacin da aka naɗi kaset ɗin, ta ɗauki mawaƙin da aka yi naɗin da sunansa a matsayin mai shi, sai fa idan an rubuta akasin haka a yarjejeniya. To ku bincika kayan Baba. Idan ya taɓa sa hannu ya sallama wa mai situdiyo ko ɗan kasuwar da ya buga kaset ɗin, haƙƙin sautin ya koma can, ku kuma kuna da na waƙar. Idan magana ce ta baki kawai, an ba shi kuɗi an ɗauki waƙa, kamar yadda aka saba a wancan zamani, doka ba ta ɗaukar wannan a matsayin sallamawa, domin sallama haƙƙin mallaka sai a rubuce.

Akwai tambayar da lauyansu zai fara yi, gara ka tanadi amsarta: amshin ƙirƙirar Baba ne, ko tsohon amshin gargajiya ne irin na gaɗa ko na daɓe da ya tarar ana yi? Idan na gargajiya ne, ba za ku ce na gidanku ne ba. Doka ta sa irin wannan a hannun Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, NCC. Amma ko da hakan ne, muryarsa da ke kan kaset tana nan da kariyarta. Ka kuma tuna da 'yan amshi da makaɗan da suka yi aikin tare da shi, idan akwai wanda ya sa hannu wajen tsara waƙar yana iya samun kaso.

Za su ce maka daƙiƙa biyar ce kawai. Babu inda dokarmu ta yanke adadin daƙiƙun da aka yafe. Abin da kotu ke dubawa shi ne ko an ɗauki muhimmin ɓangare, kuma amshi shi ne abin da ake gane waƙa da shi. Ko a Amurka, inda aka fi yin irin wannan shari'a, kotunan ɗaukaka ƙara sun saɓa: wata a 2005 ta ce duk ƙanƙantar abin da aka yanko daga faifai sai da izini, wata a 2016 ta yafe gutsuren da bai kai daƙiƙa ɗaya ba don mai sauraro ba zai gane shi ba. Kai da kunnenka ka gane muryar mahaifinka.

Ambaton suna haƙƙi ne mai zaman kansa a sashe na 14 na dokar, kuma yana bin magada bayan rasuwa. Sai dai ka kula, sa suna ba ya wanke bashin kuɗi. Mawaƙa da yawa idan an tsare su sai su rubuta "girmamawa ga marigayi wane" a Instagram su ɗauka an gama. Ba a gama ba. Abin da kuke nema shi ne a rubuta sunan Baba a matsayin ɗaya daga cikin marubutan waƙar, da kaso a rubuce, domin da wannan rubutun ne ake raba kuɗin da rediyo, talabijin da manhajoji irin su Spotify, Audiomack da Boomplay ke biya.

Kafin ka aika wa kowa takarda, ka gyara gida. Haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gada, don haka ba naka ba ne kai kaɗai. Ku samo takardar kotu da ke nuna su wane ne magada, sauran kuma su wakilta mutum ɗaya a rubuce. Idan ba haka ba, wani ɗan'uwa zai karɓi 'yan kuɗi ya ce ya yafe, maganarku ta raunana. Sannan ka tanadi kaset na asali da bangonsa mai suna da shekara, ka sa injiniyan sauti ya jera tsohuwar waƙar da sabuwar ya rubuta daidai minti da daƙiƙar da amshin ya fito, da sau nawa aka maimaita shi. Ka ɗauki hoton jerin marubutan da manhajojin ke nunawa yau, da kwanan wata a jiki. Rajista da NCC ba sharaɗi ba ce ta samun haƙƙi, amma tana sauƙaƙa hujja.

Daga nan lauya ya rubuta wa mawaƙin, da kamfaninsa, da kamfanin da ya ɗora masa waƙoƙin a intanet. Takardar ta nemi a gyara suna, a kawo lissafin abin da waƙar ta samar tun fitowarta, a biya na baya, a kuma sa hannu a takardar rabon kaso don gaba. Yawan kason ciniki ne, ya danganta da yadda sabuwar waƙar ta jingina da amshin. Bayan an daidaita, a yi wa waƙar rajista da sunan magada a ƙungiyar karɓar kuɗin mawaƙa ta MCSN.

Dokar ta ba ka damar aika wa manhaja takarda ta sauke waƙar. Ni dai ba na son a fara da wannan, waƙar da aka sauke ba ta kawo wa kowa ko sisi. A ajiye shi sai sun yi kunnen ƙashi. Idan abin ya kai ga shari'a, Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumi, ba kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba, kuma tana iya ba da diyya, ta hana ci gaba da sayarwa, ko ta sa a kawo ribar da aka ci.

Yanzu Wikipedia. Editocin da suka goge gyaranka sun bi ƙa'idarsu ne. Jerin marubutan waƙa a maƙalar albam ana kwafo shi ne daga abin da aka buga a jikin albam ɗin ko a rumbun bayanan ƙungiyoyin karɓar kuɗin mawaƙa irin su ASCAP da BMI na Amurka. Ba su yanke hukuncin wanda ya cancanta, kuma "na saurara na ji" ba madogara ba ce a wurinsu, ko da gaskiya ne. Shafukan da kowa ke iya rubutawa, kamar WhoSampled da Discogs, su ma ba a karɓarsu. Ƙara sunan marubuci kuma ba ya cikin ƙananan gyare-gyare irin na waƙafi da kuskuren harafi, don haka idan ka yi masa alamar ƙaramin gyara, za a ɗauka ɓoye shi kake yi.

Abu uku za su iya sa a rufe maka asusu. Mayar da gyara fiye da sau uku cikin awa 24 a maƙala ɗaya, kai kuma ka riga ka fara wannan ja-in-ja. Gyara maƙalar da kake da ruwa da tsaki a cikinta ba tare da ka bayyana ba. Sai barazanar kai ƙara a shafin, wadda ita ce ta fi saurin jawo rufewa. Kada kuma ka rubuta cewa mawaƙin ɓarawo ne. Tarihin kowane gyara yana nan ajiye, shi ma yana iya ƙarar ka kan ɓata suna. Ita Gidauniyar Wikimedia, wadda ke ɗauke da shafin Wikipedia, tana Amurka, kuma dokar can ta 1996 ta kare ta daga alhakin abin da masu amfani suka rubuta, don haka kai ƙararta asarar kuɗi ce.

Hanyar da ke aiki ita ce shafin tattaunawa na maƙalar. Ka ce kai ɗan marigayin ne, ka rubuta jimlar da kake so a ƙara, ka kawo madogara. Idan wata jarida mai editoci ta riga ta ruwaito cewa an yanko amshin, za a iya sa bayani a ƙarƙashin jerin waƙoƙin cewa waƙa ta huɗu ta ƙunshi sauti daga waƙa kaza ta wane, ko da sunansa bai shiga layin marubuta ba tukuna. Layin marubuta kuwa sai ranar da kamfanin ya gyara bayanansa. Don haka ka sa a yarjejeniyar sulhun cewa za su gyara a dukkan manhajoji cikin kwanakin da aka ƙayyade, su kuma fitar da sanarwa a rubuce wadda za ka iya nuna wa editocin.