Me ke sa zuciyar da aka dasa wa yaro ta gaza?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. An yi wa ɗan yayata dashen zuciya a Indiya yana da shekara 8, yanzu ya kai 15, sai likitoci suka ce zuciyar ta fara rauni, alhali bai taɓa kukan ciwon ƙirji ba. Me ke kawo haka? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba shi lafiya. Musabbabin gazawar ya danganta da lokacin da ta auku. A kwanakin farko bayan tiyata, zuciyar kan kasa bugawa da ƙarfi idan ta daɗe a cikin sanyi kafin a dasa ta, shi ya sa likitoci ba sa son ta wuce awa 4 zuwa 6, ko kuma idan hawan jinin jijiyoyin huhu ya fi ƙarfin ɓangarenta na dama. A shekarar farko kuwa, babban abin tsoro shi ne garkuwar jiki ta ɗauki zuciyar a matsayin baƙuwa ta far mata, musamman ga yaran da aka taɓa yi wa tiyatar zuciya ko ƙarin jini.

Wanda ya shekara 7 da dashe, abin da aka fi zargi shi ne ƙuntatar jijiyoyin jinin da ke ciyar da zuciyar kanta. Garkuwar jiki tana cizon bangon jijiyoyin a hankali, bangon ya yi ta kauri a tsawon jijiyar baki ɗaya har hanyar jini ta tsuke, kuma da yake an yanke jijiyoyin jin zafi a lokacin dashen, yaro zai iya kai wa mataki mai tsanani bai ji ciwo ba. Sai dai a ga gajiya, haki, kumburin ƙafa, ciwon ciki ko amai. Hoton jijiyoyin jinin zuciya ne ke bayyana wannan ƙuntatar, kuma idan ta yi nisa, sake dashe ne maganinta na gaskiya.

Shekarunsa ma abin dubawa ne. Matasa sun fi jarirai saurin rasa zuciyar da aka dasa musu, kuma tsallake shan magungunan danne garkuwa, irin su tacrolimus da mycophenolate, yana cikin manyan dalilai. Wani don gajiya da magani, wani don kunyar abokai, wani kuma don tsadarsa ta fi ƙarfin iyaye. A ganina, nan ya kamata ku fara bincike, cikin lallashi ba da faɗa ba, sannan ku nemi a auna yawan tacrolimus a jininsa, kuma kada a rage ko a sauya magani sai da iznin likitocin da ke kula da dashen.