Murjanin kawunan sarakunan Benin da na amaren Edo

Malama Hauwa, kin tambaya ko zoben da ke jere a wuyan kawunan tagulla na sarakunan Benin, masarautar da ke jihar Edo a Najeriya, su ne irin duwatsun da amaren Edo ke sawa. E, murjani ne maƙeran suka kwaikwaya.

Kawunan nan ba don kama da fuskar wani sarki aka yi su ba. Idan Oba, wato sarkin Benin, ya rasu, magajinsa ne ke sa a zuba kan tagulla a ɗora bisa bagaden tunawa da mahaifinsa, a kafa sassaƙaƙƙen hauren giwa a samansa. Maƙeran unguwar Igun ta birnin Benin kan fara siffanta kan da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin, sannan su zuba tagulla a gurbinsa. Abin da suke son nunawa shi ne sarauta, shi ya sa a kawunan baya-bayan nan murjanin ke hawa har ya kai leɓe.

Shi kuwa murjanin daga Bahar Rum yake, Turawan Fotugal suka riƙa kawo shi tun ƙarshen ƙarni na 15. A da fada ce ke da iko da shi, Oba ke ba hakimi izinin sawa.

Amarya kuwa, da ado irin na okuku (gyaran gashi mai murjani) a kanta, aron kwalliyar matan fada take yi na yini guda. Sai dai ki lura, da yawan abin da ake haya yau roba ne ko gilashi. Na gaske ya fi na roba nauyi, kuma launinsa ba ya zama iri ɗaya sak.