Amsa ga mai laulayi da yawan tofar da yawu

Sannu 'yar uwa, Allah ya raba lafiya. Kin ce cikinki wata 2, zuciya na tashi, yawu kuma ya ƙi tsayawa. Laulayi ne. Yakan fara wajen sati na 6, ya tsananta a na 9, yawanci ya lafa bayan sati 14.

Ni a cikina na fari a garin Garwa na Kamaru, da gwangwanin madara nake yawo, na zuba yashi a ciki, ina tofawa. Ko ƙamshin suyar kifi daga gidan maƙwabta sai ya tayar min da amai. Abin da ya taimake ni: busasshen biredi a gefen katifa, in ɗan ci kafin in miƙe da asuba. Kada ki bar cikinki wayam, yunwa ce ke ƙara laulayin. Ci kaɗan-kaɗan, ki rage maiƙo da yaji. Shayin citta marar ƙarfi yana kwantar da zuciya. Yawun kuwa, ki tofar abinki, ba abin kunya ba ne, amma ki riƙa kurɓar ruwa mai sanyi, don zafin Maris da Afrilu a nan yakan haura digiri 40.

In ƙwayar ƙarin jini na tayar miki da zuciya, ki gaya wa ungozoma a wurin awo, kada ki daina da kanki. In kuwa kin kwana kin wuni ruwa bai zauna ba, fitsari ya yi duhu, ko ga jiri da zazzaɓi, ki tafi asibiti ranar, a gwada maleriya, a ƙara miki ruwa.