Gyaran rufi kusa da wayar tarho

Malam, ka tambaya ko akwai haɗari idan ka hau gyaran kwanon rufin gidanka alhali wayar tarho ta ratsa ta kusa da indararo. Wayar tarho ta jan ƙarfe tana ɗauke da ƙarfin lantarki na kimanin volt 48 ne, yakan kai wajen 90 idan kira ya shigo, kuma da wuya wannan ya kashe mutum, amma girgizar da zai yi maka tana iya sa ka saki tsani ka faɗo, musamman idan hannunka yana da gumi.

Abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa ana ɗaura ta a kan turke ɗaya da wayar lantarki mai volt 230, kuma idan suka haɗu a wani wuri da ba ka gani, ita ma za ta ɗauki wutar. Saboda haka kada ka taɓa ta, kada ka jingina tsani a kanta, ka yi amfani da busasshen tsanin katako maimakon na alminiyum, kuma ka sauko da zarar hadari ya haɗo. Idan ta tare maka wurin aiki, ka kira kamfanin da ya ja ta su ɗage ta.