Akwatin tabar siga a laimar Legas: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kula da gida ne a Ikoyi. Maigidana yana shan tabar siga, wannan mai kauri da ake naɗewa da ganye, kuma yakan sayo ta ne idan ya fita waje. Yana da akwatin katako na ajiyarta, humido, mai soso a murfi, ya ce in riƙa zuba wa soson ruwa duk mako. Yanzu yana ƙorafin tabar ta yi ɗaci, ba ta zuƙuwa, tana yawan mutuwa, wasu ma sun yi farin tabo. Ya ba ni kuɗi in nemo sabon akwati. Wane iri zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗin nan tukuna, domin da wuya laifin ya zama na akwati. Ruwan da kake zubawa duk mako shi ne ya jawo, kuma kai umarni ka bi.

Shi wannan akwati an ƙera shi ne da tunanin ƙasashen Turai da Amurka, inda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki lokacin sanyi iska ta bushe ƙayau. A can aikin soso ya ƙara laima. Ƙa'idar da masu harkar suka saba faɗa ita ce laima kashi 70 cikin 100, zafi kuma kusan digiri 21. Kamfanin Habanos, mai alhakin sayar da sigar Kuba a duniya, ya fi son ƙasa da haka ma: laima 65 zuwa 70, zafi 16 zuwa 18. To mu a Legas, daga Afrilu zuwa Oktoba laimar iska takan haura kashi 80, zafin rana yana yawo a wajen digiri 30. Katako kuwa yana numfashi. Iskar waje ta riga ta jiƙa abin da ke ciki, kai kuma ka zo ka ƙara masa ruwa.

Ganyen taba yana shan laima ya kumbura. Idan na cikin ya kumbura sai hanyar iska ta toshe, mai sha ya yi ta ja kamar zai tsinke wuya, wuta ta ci gefe ɗaya ta bar ɗaya, can ta mutu. Ganyen da bai ci wuta sosai ba hayaƙinsa nauyi gare shi, da ɗaci da ɗan tsami, duk ƙamshin da aka biya kuɗi dominsa ya ɓuya a ƙarƙashi. Ɗauki guda ɗaya ka matsa ta a hankali tsakanin yatsu biyu. Lafiyayya za ta ɗan lotsa ta dawo. Wadda ta sha laima za ka ji ta luguf, wani lokaci zoben takardar da ke jikinta ya matse ta har ya yi shaida.

Farin tabon nan fumfuna ce. Za ka ji wasu suna cewa wai man ganye ne ya fito, alamar taba ta nuna. A yanayi irin namu kada ka yarda da wannan magana. Idan a fatar waje kaɗai take, goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi. Idan ka leƙa bakin da ake kunnawa ka ga ta shiga cikin ganye, ko ta yi kore ko shuɗi, jefar da ita, kada a sa wa mutum wannan a baki. Soson kuma cire shi gaba ɗaya, ka goge cikin akwatin, ka bar shi a buɗe a ɗaki mai esi ya sha iska kwana biyu zuwa uku.

Abin da za ka saya da kuɗin bai kai farashin sabon akwati ba. Na farko ma'aunin laima mai batir, wanda yake nuna lamba. Wancan mai allura da ke manne a jikin akwati yawanci ado ne. Kafin ka amince da sabon, gwada shi: cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka sa shi da ma'aunin a leda mai zif, ka rufe su kwana. Da safe ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 72, ka san kullum za ka riƙa ƙara 3 a kan abin da ya faɗa. Na biyu, ƙananan jakunkunan daidaita laima irin na kamfanin Boveda, waɗanda suke ba da laima idan ta yi ƙasa, su shanye ta idan ta yi yawa. Suna zuwa da lamba a jiki, 62, 65, 69, 72. A Legas 65 nake ba da shawara. Mai lamba 84 ta jiƙa sabon akwati ce, kada ka haɗa ta da taba. Na uku, roba mai murfi mai danko a baki, irin ta ajiye abinci, sabuwa fil wadda ba ta taɓa ganin yaji ko daddawa ba. Shimfiɗa siraran katakon nan da ke zuwa cikin kwalin sigar a ƙasa, jera tabar, ɗora jakar laima, rufe. Ka riƙa buɗewa na ɗan lokaci duk mako ɗaya ko biyu.

Na san maigida ba zai so ya miƙa wa baƙo taba daga robar abinci ba. To a bar akwatin katakon a falo da 'yan kaɗan da za a sha a makon, sauran su zauna a roba. Katakon cikinsa, na itacen da ake kira sida (cedar), yana da amfaninsa: yana riƙe laima ya sake ta a hankali, yana kuma ba taba wani ɗan ƙamshi da masu sha suke so. Waɗanda suka jiƙe kuma kada ka shanya su a rana ko gaban fanka don sauri, fatar za ta tsage. Ka ba su makonni biyu zuwa huɗu a robar su sauko da kansu. Mutanenmu na Agege da suka gaji fataucin goro sun san wannan: huhun da ya sha ruwa da yawa ruɓewa yake, wanda aka bari ya bushe kuma goron ya yamutse, ba ya komawa yadda yake.

Tambaya: Ina da kanti a Obalende, ina sayar da turare da agogo da ƙananan kayan kyauta. Masu zuwa daga Victoria Island suna yawan tambayar siga, har na sayi kwali uku na gwaji na jera a gilashin turare. Jiya na ga ƙananan huji a jikin wasu. Shin in sayi babban akwati in haɗa su duka, kuma in cire musu ledar da suke zuwa da ita?

Amsa: Alhaji, maganar huji ita ce ta gaggawa. Ƙwaron taba ne, ɗan ƙarami ja-ja, bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ƙwansa yakan zo a cikin ganyen tun daga inda aka naɗa, ya kwanta shiru, da zafi ya haura digiri 23 ko 24 sai ya ƙyanƙyashe. Gilashi a kanti, ga fitila a kai, ga zafin Obalende, ka gina masa ɗaki ne. Buga bakin tabar a kan farar takarda. In gari mai kama da ƙura ya zubo, ya riga ya ci ciki. Masu huji a zubar. Sauran a sa su a leda mai zif ninki biyu, kwana ɗaya a firji, kwana uku a firiza, kwana ɗaya kuma a firji, sannan su huce a ɗaki kafin a buɗe ledar. Amma sai inda wuta take tsaye. Firizar da ke narkewa ta sake daskarewa duk lokacin da aka ɗauke wuta ɓarna za ta ƙara.

Ka raba su da turare yau ɗin nan. Ganyen taba yana shan duk warin da ke kusa da shi, kuma idan ya sha almiski ko oud babu mai fitar da shi. Haka ma tsakanin su kansu: ta Nikaraguwa mai ƙarfi idan ta daɗe tsirara jikin ta Jamhuriyar Dominika mai sauƙi, sai ƙamshinsu ya gauraya. Waɗanda aka ɗura wa ƙamshin kofi ko vanila kuwa sai an ware musu mazubinsu daban. Saboda haka a kanti ka bar musu ledarsu. Laima tana ratsa ta a hankali, tana kare fatar daga hannun masu taɓawa, musamman fatar ganyen Kamaru, wadda siririya ce, ita ke fara tsagewa idan esi ya busar da ɗaki da rana laima ta dawo da dare.

Kada ka sa jari a babban akwati yanzu. Roba mai danko ga kowane iri, a jera su cikin kula babu ƙanƙara, a ajiye a ƙasa nesa da taga. In ciniki ya kankama sai ka duba ƙaramar na'urar sanyi irin ta ajiye kwalabe wadda ake iya tsayarwa a digiri 18. Ka kuma lura da wanda ke kawo maka kaya: kwalin Cohiba (wata shahararriyar sigar Kuba) mai murfin gilashi da ake tallatawa da araha jabu ne, na gaske yana da hatimi da lamba da ake iya dubawa a shafin Habanos na intanet. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ka kiyaye.

Tambaya: An ba ni guda biyar kyauta, ban taɓa sha ba. In sa su a firji har in koya?

Amsa: Firji yana busar da su, su kuma sha warin albasa da kifi. Wadda ta bushe tana ci da sauri, hayaƙinta zafi da ƙaiƙayi a maƙogwaro, kuma man ganyen da ya tafi ko an mayar da laima ba ya dawowa. Leda mai zif da jakar laima guda ɗaya sun isa guda biyar.

Amma ƙanena, tunda ba ka fara ba, ina roƙonka kada ka fara. Siga ɗaya babba tana iya ɗauke da ganyen taba kusan na kwalin sigari guda, kuma ko ba a haɗiye hayaƙin ba nikotin yana shiga ta fatar baki, cutar dajin baki da maƙogwaro na nan a hanya. Ka mayar wa wanda ya ba ka da godiya, ka ce kai ba ka sha.