Hukuncin cike haƙorin da ya yi kogo

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni tela ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Turmin haƙorina na ƙasa ya yi kogo, ko ruwan randa na kurɓa sai na ji shi har cikin kunne. Likitan haƙori ya ce bai kai ga cirewa ba, za a ƙwaƙule ruɓar a cike. Sai wani dattijo a fadarmu ya ce in na yarda na canza halittar Allah, kuma wankan janabata ba zai ƙara inganta ba tunda ruwa ba ya shiga ƙarƙashin cikon. Wata biyu ke nan ina cusa kanumfari ina haƙuri. Mene ne hukunci, kuma ana iya yi da azumi a baki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Ka koma wurin likitan ya cike maka. Halas ne, kuma alwalarka da wankanka suna nan lafiya lau.

Ciko magani ne, shari'a kuwa ta yi umarni da neman magani. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa Annabi (SAW) ya ce wa bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da matsalarka. An sare wa Arfaja ɗan As'ad hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinari. Duba ka gani: gaɓa ce ta lalace, aka maye ta da ƙarfe, ƙarfen ma wanda aka haramta wa maza yin ado da shi. Bayan Tirmizi ya kawo hadisin sai ya ambata cewa malamai da dama sun ɗaure haƙoransu da zinari. In hanci sukutum ya halatta, ina ga ɗan ramin da ƙwayar dawa za ta toshe?

Dattijon naku tsoron Allah ne ya sa shi magana, kada ka raina shi. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i, mai magana kan canza halittar Allah, yake hange, da hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim, inda aka la'anci masu goge haƙora su buɗe wushirya. Amma lafazin hadisin da ƙaidinsa ya zo: masu yin haka "don kyau". Wato haƙori lafiyayye ne aka bi da magagari saboda ba a gamsu da yadda Allah ya yi shi ba. Naka kuwa ruɓa ce ta riga ta ɓata shi, likita zai mayar da shi siffarsa ta farko. Kai tela ne, ka san bambancin yin faci da yanka sabuwar riga don gayu.

Maganar wanka ita ta fi damuna, domin na sha ganin ta hana mutane barci. Abin da muka karanta tun muna yara a Ahalari da Ishmawi, muka maimaita a Risala, shi ne kurkurar baki sunna ce a alwala, sunna ce a wanka. A mazhabarmu ta Malikiyya cikin baki ba ya cikin abin da aka wajabta game shi da ruwa. Wanda ya manta kurkura gaba ɗaya ma wankansa ya yi, balle wanda ya kurkure ruwan ya bi ta kan ciko. Hanbalawa suna wajabta kurkura a alwala da wanka, Hanafawa a wanka kaɗai, amma fatawar da malamansu na wannan zamani suka fi tafiya a kai ita ce cikon da aka yi don lalura ya zama kamar jikin haƙorin, ruwa ya taɓa samansa ya wadatar. Saboda haka ba sai kana da tsarki za a yi maka ba, mace mai haila ma a yi mata.

Abin da ake cikawa da shi iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai launin toka, wanda masu Faransanci ke kira plombage, sunan da ke sa wasu zaton dalma ce. Babu dalma a ciki, haɗin zaiba ne, kusan rabi, da azurfa da kuza da jan ƙarfe. Akwai kuma farin da yake sajewa da haƙori. Dukkansu masu tsarki ne. Tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ƙasashe ke rage amfani da mai zaibar, musamman ga ƙananan yara da masu ciki da masu shayarwa, don haka zaɓin na likita ne. Zinari kuwa namiji ba zai sa ba matuƙar waɗannan sun samu, domin Arfaja sai da azurfa ta gaza aka ba shi dama. A nan nake jan kunnen alhazanmu maza masu dawowa da haƙorin Makka na zinari a kan lafiyayyen haƙori: wannan ado ne, ba shi da rabo a hadisin Arfaja.

Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa ƙwaƙule haƙori ko cire shi ko wanke shi ba ya karya azumi in an kiyaye haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ita ma ba ci ba ce ba sha ba. Sai dai injin yana fesa ruwa, kai kuma kana kwance baki buɗe, a Malikiyya kuwa in ruwa ya rinjaye ka ya wuce a azumin farilla, akwai ramuwar yini ɗaya ba kaffara. In za ka iya samun bayan buɗa baki ya fi. In ciwon ya matsa, yi da rana, ka tofar da abin da ya taru.

Kada ka ƙara wata biyu. Kanumfari yana kwantar da zogi, ruɓar kuwa tana ci gaba da nutsewa har ta kai jijiya, a nan kumburi yake zuwa, ciko kuma ya daina isa. Kuma ka san inda take samun abinci: ƙwayoyin cutar baki sukari suke ci su fitar da tsamin da ke narkar da bayan haƙori. Shayin nan na fada, na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne da sukarinsa, a kwanta ba a goge baki ba, shi ne gonarsu. Asuwakin da Annabi (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da shi a kowace salla, ka riƙe shi bayan shayin dare. Ka kuma karanta wa dattijon wannan amsa cikin ladabi, wataƙila shi ma akwai turmin da yake ɓoyewa.

Wallahu a'alam.